Kwaɓin Wasan Yara: Ba Lalle Sai Da Fulawar Alkama Ba

Duk wanda ya tashi a ƙasar Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa, ya san aikin yara da damina. Da ruwa ya ɗauke sai ka hange su bakin kududdufi ko gefen rafi, kowa ya ƙwaƙulo yumɓu yana ta mulmulawa. Wannan ya gina sa da tozo da ƙahoni, wancan ya gina doki har da sirdi, 'yan mata kuwa su duƙufa kan tukwane da kasake da ɗan murhu. In an gama a jera a rana su bushe, gobe a farfasa a sake wasu. Iyaye da kakanni duk sun yi, ba kuwa wanda ya taɓa kashe ko anini a kan wannan wasa.

To, ga shi yanzu masana ilmin yara sun ce abin nan da muka ɗauka ɓata riga ne kawai, ashe makaranta ce babba. Mulmula da murza da gutsura su ne ke ƙarfafa 'yan yatsun yaro kafin ya iya riƙe fensir, kuma da curi guda malama tana iya nuna masa siffar harafi, da ƙidaya, da bambancin babba da ƙarami. Tun da Dokar Ilmin Bai Ɗaya ta 2004 ta sa renon ƙananan yara cikin abubuwan da hukuma za ta kula da su, ajin share fage ya yawaita a makarantun firamare, har da na Islamiyya da na kuɗi. Sai dai yumɓun bakin rafi bai cika samun shiga waɗannan azuzuwa ba. Abin da littattafan Turawa da hotunan wayar hannu ke koya wa malamai da iyaye mata shi ne a sami fulawa, da gishiri, da ruwa, da ɗan mai, da launi, a kwaɓa a miƙa wa yara. Masu hali kuwa su sayo na gwangwani a kanti.

Ga yawancin yara ba wani laifi cikin wannan. Amma akwai 'yan ƙalilan waɗanda alkama ke cin hanjinsu kamar yadda gara ke cin azara, kuma saboda su ne muka ga ya kamata mu jawo hankalin jama'a. Magana ɗaya muke so mai karatu ya riƙe, watau duk abin da ake bukata don a yi kwaɓin wasa wanda ba ya cutar da irin waɗannan yara yana nan cikin rumbunan ƙananan hukumomin nan uku.

Mene ne a cikin alkama?

Uwargida tana iya ganin abin da idonta ba sai ta je ɗakin gwaji ba. Ta kwaɓa fulawa da tauri, ta bar ta kamar rabin sa'a, sa'an nan ta riƙa murza ta cikin kwano da ruwa tana sauyawa. Farin ruwan da ke fita sitaci ne. Daga ƙarshe za ta ga wani abu ya rage mata a hannu, mai talewa kamar danƙon harbi. Wannan shi ne gulutin, ko mu ce danƙon alkama, wanda wani masani a birnin Bolonya ta ƙasar Italiya mai suna Beccari ya bayyana tun cikin ƙarni na 18. Shi ke sa burodi ya tashi, shi ke sa taliya ta miƙe ba ta tsinke ba, rashinsa kuma shi ya hana a murza taliya da garin masara. Ban da alkama ana samunsa a sha'ir, da wani hatsin ƙasashen sanyi da Turawa ke kira rai.

Cikin ƙaramin hanjin mutum akwai wasu 'yan tsiraye masu ɗimbin yawa, shimfiɗe kamar gashin karammiski, su ne ke tsotse amfanin abinci su kai ga jini. A jikin mai cutar da likitoci ke kira siliyak, da danƙon alkama ya iso wurin sai garkuwar jiki ta ɗauke shi abokin gaba, ta tasam masa, garin haka ta rushe 'yan tsirayen nan har cikin hanji ya koma sumul kamar daɓe. Daga nan yaro yana ci amma abincin wucewa yake yi.

Alamun sukan fito ne bayan an fara ba jinjiri abinci, ko bayan yaye. Akwai gudawa wadda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, da kashi fari-fari mai maiƙo da mugun wari, da kumburin ciki alhali ɗuwawu da cinyoyi sun tsotse, da ƙarancin jini, da yawan rigima, da kuma yaro ya tsaya wuri ɗaya ƙannensa su zo su wuce shi. Wani ma ba ya gudawa ko kaɗan, taurin bayan gida ne ke damunsa, ko gajarta kawai. Cutar ba ta yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, ba sammu ba ce, ba kuma shafar iska ba. Tana bin jini ne, don kuwa cikin 'yan'uwan mai ita na kusa, watau iyaye da 'ya'ya da waɗanda suke ciki ɗaya, akan sami kimanin ɗaya cikin goma da ita. An kuma lura ta fi yawa ga yaran da ke da ciwon sukari irin na ƙuruciya.

Yadda aka gano sanadinta abin a ji ne. Wani likita a Landan mai suna Samuel Gee ya kwatanta ta sosai cikin 1888, ya kuma ce in za a warkar da ita to ta hanyar abinci ne, amma bai kai ga sanin wane abinci ba. Cikin 1924 wani likitan Amurka, Sidney Haas, ya riƙa ɗora yaran a kan ayaba, suka kuwa sami sauƙi, har aka daɗe ana yabon ayaba alhali barin burodin ne ya yi aiki. Wanda ya warware matsalar shi ne Willem Dicke, likitan yara a birnin Heg ta ƙasar Holan. Tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu yake zargin alkama. Da aka shiga yunwar hunturun 1944 zuwa 1945, burodi ya ɓace a ƙasar, sai ya ga abin mamaki: mutanen gari suna ramewa, yaran nan nasa kuwa suna murmurewa. Da burodin agaji ya iso sai ciwo ya dawo musu. Cikin 1950 ya gabatar da sakamakon bincikensa a Jami'ar Utrecht, kuma tun daga ran nan har yau maganin bai sake ba: a bar alkama da danginta, bari na har abada. In an bari, hanjin yaro yakan farfaɗo cikin 'yan watanni.

Ashe ba ta Turawa ce kaɗai ba

An daɗe ana cewa ciwon Turawa ne. Wani nazari da ya tattara sakamakon ƙasashe da yawa, aka buga cikin 2018, ya nuna gwajin jini yakan kama mutum 14 cikin 1,000 a duniya, waɗanda aka tabbatar ta hanyar duba hanji kuwa 7 ne cikin 1,000, a Afirka 5 cikin 1,000. Gaskiya ne a yammacin Afirka ba ta cika yawa ba, don likitocin Italiya da suka yi bincike a Burkina Faso, suka buga cikin 2002, ba su sami ko mutum ɗaya ba cikin waɗanda suka gwada. Amma a Sudan, inda 'yan'uwanmu Hausawa suke da yawa, tun cikin 1978 aka buga labarin yaran da aka tabbatar suna da ita.

Darasi mafi girma ya zo ne daga hamada. Mutanen Yammacin Sahara da yaƙi ya kora zuwa sansanonin Tinduf a Aljeriya tun wajen 1975 asalinsu makiyaya ne, masu shan nonon raƙumi da cin nama. A sansani sai fulawar agaji ta zama babban abincinsu. Da Carlo Catassi da abokan aikinsa suka gwada yara 989, suka buga cikin 1999, sai suka sami kashi 5.6 cikin 100 suna da cutar, abin da ya ninka na Turai wajen sau biyar. Ba muna cewa haka za ta faru a kudancin Katsina ba, don jinin waɗancan mutane dabam ne. Abin lura shi ne cutar takan ɓuya ne muddin ba a cin alkama, ta bayyana ran da abinci ya sake.

Abincinmu kuwa ya sake. Da can alkama ta fadama ce, ba a ganinta sai ranar biki ko salla, a alkaki, da finkaso, da alkubus, da taliyar murji. Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da ita cikin 1987, amma zuwa 1992 sai da aka janye hanin, yanzu kuwa Nijeriya tana shigo da miliyoyin tan kowace shekara. Yau ba ƙauyen da mai shayi bai kai burodi ba. Ga fanke, ga cincin, ga biskit, ga taliyar 'yan yara ta leda wadda ake dafawa cikin minti biyar, ita ce ma ta kan yawaita cikin kayan agajin da ake raba wa waɗanda 'yan bindiga suka raba da gidajensu. Har ɗanwake, wanda asalinsa garin wake ne da na rogo da kuka da kanwa, yanzu da yawa fulawa ce zalla.

A nan dole mu yi gargaɗi. Yaro mai kumburin ciki da gudawa a Faskari ko Sabuwa, abin da ya fi kusa shi ne tamowa, ko tsutsar ciki, ko gurɓataccen ruwa. Ƙungiyar Likitoci Na-Gari Na-Kowa ta ba da sanarwar yara 652 sun rasu saboda tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin watanni shida na farkon 2025. Saboda haka kada uwa ta karanta wannan ta hana ɗanta burodi ta zauna gida. A kai shi asibiti tukuna, Ƙanƙara ko Funtuwa ko Malumfashi. Wanda ya kamata a yi wa zargi shi ne yaron da aka yi wa maganin tamowa ya tashi, ya koma gida ya ci abinci isasshe, amma ya sake faɗuwa, musamman in akwai mai irin ciwon a gidan. Madarar asibiti da kunun gyaɗan leda da ake ba masu tamowa ba su da alkama, don haka irin wannan yaro yakan yi kyau a hannun likita ya lalace a gida. Shi ne za a tura wurin ƙwararrun likitocin yara a Asibitin Koyarwa na Shika a Zariya, ko na Malam Aminu Kano, ko na Tarayya a Katsina. Akan fara da gwajin jini, sa'an nan in da hali a duba hanji. Kada kuma a hana shi alkama kafin gwajin, don in an hana gwajin ba zai nuna kome ba.

Daga hannu zuwa baki

Sai mu koma kan abin wasan. Shahararren nan na gwangwani mai suna Play-Doh asalinsa ba don yara aka yi shi ba. Wani kamfanin sabulu a birnin Sinsinati ta Amurka ne ke yinsa don goge baƙin hayaƙin kwal daga takardar da Turawa ke liƙa wa bangon ɗaki. Da aka daina ɗumama gidaje da kwal kasuwarsa ta mutu, sai wata malamar ƙananan yara mai suna Kay Zufall ta gwada shi a ajinta, yara suka so shi, cikin 1956 aka fito da shi a matsayin abin wasa. Ruwa ne da gishiri da fulawa, kuma kamfanin Hasbro mai yinsa yanzu ya faɗa a fili cewa akwai alkama ciki. Ya bambanta da filastisin da tsofaffin ɗalibai suka sani, wanda William Harbutt ya ƙago a Ingila cikin 1897, shi da maiƙo ake yinsa. Amma a kasuwa duk sunansu ɗaya, saboda haka mai saye ya duba jikin kwali, in ya ga kalmar "wheat" ko "gluten" ya san da alkama.

Danƙon alkama ba ya ratsa fata, taɓawa kawai ba ta cutarwa. Wahalar ita ce ɗan shekara uku ba ya taɓa abu bai ɗanɗana ba, kuma abin da ya maƙale a farce da shi za a ci ƙosai in an fita tara. Likitocin wani asibitin yara a Washinton sun auna wannan, suka buga cikin 2020. Suka tarar busasshen kwaɓi irin na gwangwani ba ya barin da yawa a hannu, sai fa in gutsure ya liƙe wa abinci, amma jiƙaƙƙen abu, kamar takardar da aka dama da fulawa don aikin hannu, yana barin mai yawa ƙwarai. Suka kuma tarar sabulu da ruwa su suka fi kome wankewa. Wannan labari ne mai kwantar da hankali ga makarantar da ke da famfo a bakin aji. Mu kuwa mun san aji nawa ne a ƙauyukanmu ke da ko da buta guda, mun kuma san malama ɗaya ba ta iya tsare bakin yara sittin.

Don mai karatu ya gane ƙanƙantar abin da ake magana, ƙa'idar duniya ita ce ba a kiran abinci marar danƙon alkama sai in bai wuce kashi 20 cikin miliyan ba. Watau kimanin babban cokali uku na fulawa cikin buhun masara mai kilo 100 ya isa ya fitar da shi daga wannan suna.

Tuwo ne mai gishiri

Tun da aka kafa Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa cikin 1975, tare da taimakon Bankin Duniya, masara ta zauna da gindinta a wannan yanki, ta tarar da dawa da gero da shinkafar fadama. Duk waɗannan, har da rogo, da acca, da dankali, da wake, ba su da danƙon alkama ko ɗis. Abin tambaya shi ne yaya za a sa garin da ba shi da danƙo ya haɗu ya yi curi. Amsar tana wurin kowace mace da ta taɓa riƙe muciya: wuta. In sitaci ya ji zafi cikin ruwa yakan kumbura ya kama juna, shi ya sa tuwon shinkafa ke mulmuluwa. Kwaɓin fulawa yana yiwuwa da ruwan sanyi, namu kuwa sai an tuƙa.

Ga awon, da gwangwanin madara ƙarami. A sami rabin gwangwani na garin shinkafa mai laushi wanda aka tankaɗe da rariya mai ƙananan ido, da rabin gwangwani na busasshiyar gasarar masara, watau irin ta koko wadda aka tace aka shanya aka murje, da rabin gwangwani na gishiri mai laushi, da gwangwani ɗaya na ruwa, da cokalin shayi ɗaya ko biyu na mai, da babban cokali ɗaya na ruwan lemon tsami. Littattafan Turawa sukan ce a sa wani farin gari mai tsami da suke samu daga inabi, amma lemon tsami yana tsaya masa. A haɗa duka cikin tukunya tun ba a ɗora ba, a dama har gudaji su mutu. Sa'an nan a ɗora kan wuta marar ƙarfi, garwashi ya fi, a yi ta juyawa ba tsayawa. Cikin minti uku zuwa biyar zai fara kauri, ya saki gefen tukunya, ya tattaru wuri ɗaya. Da ya yi haka a sauke, kada a jira ya yi ƙanzo. A juye a faranti, in ya huce yadda hannu zai iya a yi ta murzawa har ya yi santsi.

In yana liƙe wa hannu a barbaɗa gasara a ƙara murzawa. In yana tsattsagewa a jiƙa hannu da ruwa, ko a ɗiga mai. Wanda ke son ya riƙa talewa kamar na fulawa, sai ya rage gasara ya cika da garin alabo mai kyau, don sitacin rogo ya fi na masara yauƙi. Garin dawa ma yana yi, amma yana da tsakitsaki kuma launi ba ya fita sosai a jikinsa. Ba za mu ɓoye ba, wannan kwaɓi bai kai na fulawa jure ja ba, in an yi maciji dogo yakan tsinke. Amma sa da doki da tukunya da haruffa duk suna fita tsaf.

Launi kuwa ba sai an je kanti ba. Ruwan zoɓo mai kauri a madadin ruwan dafawa yana ba da ja, lemon tsamin ma yana ƙara masa haske. Kurkum yana ba da rawaya, garin zogale kore mai duhu, garin gawayi na itace baƙi. In za a sa launi na kanti to ya zama na abinci. A guji shuɗin wanki, da fenti, da rinin tufafi. A guji lalle ma, don akwai ƙananan yara masu wani rauni na gado a jini waɗanda lalle ke farfasa musu ƙwayoyin jini, irin wannan rauni kuwa ba baƙo ba ne a Nijeriya.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wurin niƙa. Injin unguwa ba ya zaɓe, yanzu ya niƙa alkamar mai alkaki, an jima ya niƙa shinkafar uwar mai ciwo, ragowar wancan kuwa tana cikin haƙoransa. Gidan da ke da mai siliyak ya fi kyau su daka a turmi, ko su nemi injin da ba a kai masa alkama, wannan kuwa har ga tuwon da yaron zai ci, ba ga abin wasa kaɗai ba. Haka rariya da muciya da faranti, a ware nasa, ko a wanke tas da sabulu. Garin shinkafar da aka auno a kasuwa da mudun da aka auna fulawa shi ma ya tashi daga tsarki.

Sai maganar gishiri, wadda ta shafi kowane yaro, mai ciwo da lafiyayye. Gishirin ne ke hana kwaɓin lalacewa, shi ne kuma ke sa yaro ya tofar in ya ɗanɗana. Amma in aka duba awon nan za a ga wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa gishiri ne. Curi kamar goro guda yana ɗauke da kusan giram 5, wanda shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka wa babban mutum a yini ɗaya. Gishiri mai yawa lokaci guda yana iya sa ƙaramin yaro amai da jijjiga, har ya kai ga halaka. Don haka kada a ba wanda bai kai shekara biyu ba, kada a bar yara da shi ba babba a wurin, in kuwa yaro ya haɗiye mai yawa a ba shi ruwa a garzaya asibiti. A kuma kawar da shi daga bakin awaki da kaji. In an tashi wasa a sa shi a roba mai murfi ko a ƙulle a leda, a ajiye inuwa. Da zafi yakan yi mako ɗaya ko biyu, da hunturu ya fi daɗewa amma yakan bushe ya fitar da farin gishiri a baya, sai a murza da jiƙaƙƙen hannu. Ran da ya yi tsami ko fumfuna a binne shi.

To yumɓun fa?

Mai karatu zai ce me ya kawo wannan wahala duka, ga yumɓu kyauta? Lalle yana da gaskiya, yumɓu ba ya da alkama, kuma a ganinmu har yanzu ba abin da ya kai shi. Ƙanƙara ma Allah ya hore mata farar ƙasa wadda ta yi suna a Nijeriya, irin wadda ake kai wa masana'antun fenti da takarda da magunguna. Sai dai farar ƙasa ita kaɗai ba ta da danƙo sosai, takan tsage in ta bushe, sai an gauraya ta da yumɓun fadama.

Amma zamani ya kawo abubuwa biyu. Na farko, tun da aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara ran 11 ga Disamba, 2020, aka sako su 344 bayan kwana shida, da sauran hare-haren da suka addabi Faskari da Sabuwa a shekarun nan, iyaye da yawa ba su yarda yara su yi nisa da gida don ɗebo ƙasa ba, ba kuwa mai ganin laifinsu. Na biyu, ba kowace ƙasa ce ke da lafiya ba. Cikin 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, maƙwabciyar Faskari da Ƙanƙara, kuma ta hannu zuwa baki ta shige su. Saboda haka babba ne zai ɗebo yumɓun, daga inda maginan tukwane suka saba ɗiba, nesa da ramin haƙar ma'adini, da juji, da makwancin dabbobi. A shanya, a daka, a tankaɗe, a gasa garin a kasko don kashe ƙwan tsutsa, sa'an nan a kwaɓa da ruwa mai tsabta. Amma a sani wuta ba ta kashe dalma.

Kwano ɗaya ga kowa

Wata malama za ta ce sai ta yi na fulawa ga aji, ta yi na shinkafa ga mai ciwo. Ba mu goyi bayan wannan ba. Yara ba su san iyaka ba, kafin a juya baya curi ya haɗu da curi. Banda haka, yaron da aka hana biskit a gida, aka hana shi fanke a bakin makaranta, aka hana shi alkaki ranar biki, bai kamata kuma a zaunar da shi gefe guda lokacin wasa ba. Sa'an nan akwai wanda ke da cutar ba a sani ba, shi ma ya huta. In aka yi na shinkafa da masara ga kowa, ba wanda ya rasa kome, kuma kuɗin ya tsaya hannun manomin garin.

Haka nan wajen liƙa takarda a darasin aikin hannu. Tsofaffin malamanmu da kokon rogo suke yi, a ci gaba da hakan, kada a maye shi da fulawa. Uwa kuma ta gaya wa malama halin ɗanta tun ranar farko, ta faɗa wa mai tallan abinci na bakin makaranta, don ba abin kunya ba ne.

Hukumar Ilmin Bai Ɗaya ta Jihar Katsina da sakatarorin ilmi na ƙananan hukumomin nan uku suna tara malaman ajin share fage don bita lokaci-lokaci. Nuna wannan awo ba zai ci fiye da rabin sa'a ba, da tukunya ɗaya da murhun gawayi. Gwangwani biyu na garin shinkafa, biyu na gasara, biyu na gishiri da huɗu na ruwa za su ba da wajen kilo ɗaya da rabi, wanda zai ishi yara talatin kowa ya sami curi kamar ƙwan kaza. Sai a haɗa da buta da sabulu a bakin ƙofar aji, a wanke hannu kafin a fita tara.